Ƙwaurin kurtu da jadawalin samanja

Tun da aka fara raɗe-raɗin za a buɗe ɗaukar sababbin sojoji, ɗan yayata ya yi sallama da barcin safe. Da an idar da sallar asuba sai ya ɗaure takalmi, shi da abokansa uku na majalisar shayinsu, su fita daga unguwar Nima a nan Akra su kama titin Kanda, su ratsa Kawukudi, su je su juyo a gaban asibitin soja na 37 daidai lokacin da jemagun wurin ke komawa kan itatuwa. Yaron da a da iyakar motsa jikinsa ƙwallon ranar Lahadi, ga shi yana dukan kwalta kwana bakwai a mako, wani lokacin ma da jakar goyo cike da yashi, wai don kafaɗa ta saba tun kafin a shiga. A mako na huɗu na gan shi yana hawa matakalar gida kamar mai taka ƙaya.

"Me ya sami ƙafar?"

"Ba komai, Kawu. Tsamin jiki ne, zai sake ni."

Na ce ya nuna mini inda ke masa ciwo. Bai shafa ƙwaurin daga sama zuwa ƙasa ba, yadda mai tsamin tsoka ke yi. Yatsa ɗaya ya ɗora a wuri guda, a gefen ƙashin ta ciki, kamar faɗin tafin hannu sama da idon sawu, da na danna kuwa sai ya fizge ƙafar. Na ce ya ɗage lafiyayyar ya yi tsalle a kan mai ciwon. Ko sau biyu bai iya ba. Duk likitan gashi da ya taɓa aiki da kurata, ko fisiyo kamar yadda muke cewa a nan Akra, ya san zargin da waɗannan alamu biyu ke jawowa: ƙashi ya fara tsagewa, alhali ba a faɗi ba, ba a kuma buge ba.

Baffana yana gefe yana jinmu. Ya yi shekara ashirin da ɗoriya a kaki, har Labanan ya je aikin kiyaye zaman lafiya. Hukuncinsa gajere ne: a shafa man zafi, a ɗaure da bandeji, gobe a koma gudu, soja bai san ciwo ba. Mai wannan magana fa yau shekara shida ke nan a kan kujera yake salla, don gwiwoyinsa sun ƙi lanƙwasuwa zuwa sujada. Ban tanka ba. Ba a yi wa baffa gardama a gaban jika.

Tunanin nasa gado ne, kuma mu Hausawan Gana muna cikin waɗanda suka bar gadon. Da dakarun Hausa Turawa suka kafa rundunar Gwalkwas, wato Gana ta zamanin mulkin mallaka, a 1879, Hausa ta zama harshen bariki, har taken rundunar da ita aka yi shi: Kullum Shiri. A yaƙin Bama, runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta shiga kwarin Kaladan inda mota ba ta zuwa, mutane ne suka riƙa ɗaukar harsashi da abinci a ka suna hawa duwatsu. Asibitin 37 ɗin da yaran ke juyowa a gabansa ma a 1941 aka kafa shi saboda wancan yaƙi. A irin wannan tarbiyya, jure ciwo shi ne mazantaka, kuma akwai gaskiya a ciki, don wanda bai iya jurewa ba ba zai yi aikin soja ba. Abin tambaya shi ne wane ciwo ake jurewa, wanne ne kuma jiki ke gargaɗi da shi. A kan wannan ne likitocin gashi na rundunonin duniya suka yi shekara wajen arba'in suna ƙirge da gwaje-gwaje, kuma abin da suka gano ya saɓa wa kusan duk abin da ake faɗa a majalisun samarinmu.

A fara da girman abin. Da masu bincike suka tattara bayanan sojojin Amurka na shekarar 2006, waɗanda ke gida ba a fagen daga ba, sun ƙirga raunukan ƙashi da tsoka da gaɓoɓi 743,547. Kashi 82 cikin 100 na waɗannan ba haɗari ba ne, ba faɗuwa ba ce: yawan aiki ne ya ci gaɓar a hankali. Gwiwa da ƙwauri ne a gaba, sai ƙugu da gadon baya, sai idon sawu da tafin ƙafa. A fagen daga ma labarin bai sauya ba. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2010 ya bi sojoji 34,006 da aka kwaso da jirgi daga Iraƙi da Afganistan tsakanin 2004 da 2007 saboda rashin lafiya. Kashi 24 ciwon ƙashi da gaɓoɓi ne ya fitar da su, raunin yaƙi kuwa kashi 14. Wato ciwon baya da gwiwa sun fi bam da harsashi rage wa kwamanda mutane. Ba mamaki in aka dubi kayan: da aka auna abin da sojojin ƙasa na Amurka ke goyawa a Afganistan a 2003, an sami wajen kilo 29 a lokacin faɗa, wajen kilo 46 a doguwar tafiya. Buhun siminti kilo 50 ne. Ka goya kusan buhu guda ka hau dutse da shi wata da watanni, sannan ka tambayi gwiwarka.

Amma inda abin ya fi tsanani shi ne makonnin farko na horo, kuma dalilin yana cikin yadda ƙashi ke rayuwa. Mukan ɗauki ƙashi kamar sandar ƙarfe da aka dasa aka gama. Ba haka yake ba. Kullum cikin gyara yake. Duk takun da mai gudu ya yi, ƙashin ƙwauri na ɗan lanƙwasawa kaɗan, ƙananan tsagu da ido ba ya gani suna fitowa, jiki kuma yana aiko masu gyara. To, masu gyaran nan irin aikin magina suke yi idan bango ya tsage: sai sun fara sassaƙe wurin da ya lalace sun faɗaɗa shi, kafin a kawo sabon siminti a cike. Sassaƙar ba ta ɗaukar lokaci, 'yan makonni ne; cikewar da bushewar su ne ke cin watanni. A tsakanin nan bangon ya fi rauni fiye da kafin a fara gyaran. Matsalar ita ce zuciya da huhu da tsoka sun fi ƙashi saurin sabawa. Yaro ya yi mako uku yana gudu, haki ya ragu, ya ji ƙarfi ya zo, sai ya ƙara nisa, daidai lokacin da ƙashinsa ke cike da ramukan da ba a cike ba. Abin da ya sami ɗan yayata ke nan, kuma jakar yashin ta ƙara wa borno dawaki.

Ciwon ba sabo ba ne. Wani likitan sojan Furushiya mai suna Breithaupt ya bayyana shi tun 1855, da ya ga ƙafafun sojoji na kumbura bayan doguwar tafiya, shi ya sa har yau ake kiran wanda ke kama ƙasusuwan tafin ƙafa da karayar maci. Sharrinsa shi ne hoton eksire kan fito lafiya lau a mako biyu ko uku na farko, sai a ce wa yaro ba abin da ke damunsa. Na'urar MRI ce ke ganinsa da wuri. A ƙwauri da tafin ƙafa yawanci hutu ke warkar da shi. Amma idan ya kama wuyan ƙashin cinya, can inda yake shiga kwankwaso, magana ta girma: ciwo ne a matsematsi da ke tashi in an yi gudu ko tsalle, in aka ci gaba da takawa ƙashin na iya rabuwa biyu, sai tiyata, wani ma ya bar aikin ke nan yana ɗan shekara ashirin.

Labarin da ya fi koya mini darasi a wannan fage na Isra'ila ne. A 1985 likita Milgrom da abokan aikinsa suka bi kurata 295 na sojan ƙasa, suka tarar kashi 31 cikin 100 sun sami irin wannan tsagewa, kusan mutum ɗaya cikin uku. Daga nan suka shiga neman magani. Suka gwada sauya takalma. Suka gwada shimfiɗar cikin takalmi iri-iri. Har maganin ƙarfafa ƙashi irin wanda ake ba tsofaffi suka gwada. Ba wanda ya kawar da matsalar. Da suka rubuta tarihin wannan fafutuka a 2008, bayan shekara 25, abin da ya sauko da adadin zuwa wajen kashi 12 abu biyu ne da ba a sayarwa a kanti: an rage jimillar tafiyar da kurtu ke yi a lokacin horo, an kuma tilasta a bar shi ya yi barci aƙalla awa shida a dare. Barci! Abin da kowane samanja a duniya ke ɗauka ganima ce da yake da ikon ƙwacewa.

Rundunar Marin ta Amurka ta ga irin wannan a sansaninta na San Diyego a shekarun 1990. Kuratan da suka yi gudun mil 55 a tsawon horonsu, wato wajen kilomita 88, an sami tsagewar ƙashi a 3.7 cikin kowane 100. Waɗanda aka rage musu zuwa mil 33, wajen kilomita 53, adadin ya sauka zuwa 1.7. To, me aka rasa? A jarrabawar gudun mil uku ta ƙarshe, na farko sun gama cikin minti 20 da daƙiƙa 20, na biyu cikin minti 20 da daƙiƙa 53. Rabin minti aka bayar, aka karɓi fiye da rabin karayar. Akwai iyakar da in gudu ya wuce ta, ƙarfi ba ya ƙaruwa, rauni ne kawai ke ƙaruwa.

Yanzu ga jerin abubuwan da bincike ya kunyata, kuma a nan ne nake samun gardama da samarin unguwa. Na farko miƙe jijiyoyi kafin gudu, wanda kowane kocin ƙwallo daga Mamobi zuwa Sabon Zango ke rantsuwa da shi. A Ostireliya an raba kurata 1,538 gida biyu ta hanyar ƙuri'a: duka suna ɗumama jiki, amma rabi suna ƙarawa da miƙe tsokokin ƙafa, rabi ba sa yi. Bayan mako 12, a sakamakon da aka buga a 2000, bambancin raunin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba. Abin da ya raba masu jin rauni da marasa ji shi ne ƙarfin numfashin da mutum ya shigo da shi tun ranar farko.

Na biyu zaɓar wa mutum takalmi daidai da siffar tafin ƙafarsa, abin da kamfanonin takalma suka daɗe suna talla da shi. Wani mai bincike a Amurka, Knapik, da tawagarsa suka gwada a kan kurata fiye da 7,000 na sojan ƙasa da na sama da na Marin. Wasu an duba sawunsu an ba su takalmin da aka ce ya dace da su, wasu an ba kowa iri ɗaya. Raunin bai bambanta ba. Don haka yaron da ya je Kantamanto ya zaɓo takalmin gwanjo da ya zauna masa daidai, bai matse ba, dunduniyarsa ba ta cinye ba, kada ya ji wai ɗan mai kuɗi ya fi shi kariya.

Na uku ya fi taɓa mu. Kowane yaro a Zango ya san cewa a wurin tantancewa ana duba tafin ƙafa, kuma shimfiɗaɗɗiyar ƙafa, wadda suke kira filat, tana iya mayar da mutum gida. Na sha ganin samari suna jiƙa ƙafa su taka siminti suna leƙen sawunsu kamar masu duba. Dokar tsohuwa ce, rundunoni da yawa sun gaje ta. Amma da aka auna ƙafafun kurata 246 a sansanin Fort Benning, a binciken da aka buga a 1993, masu shimfiɗaɗɗiyar ƙafa su ne suka fi kowa ƙarancin rauni, masu zurfin tafin ƙafa ne suka fi jin jiki. Bincike ɗaya ba ya rushe doka, kuma akwai irin filat ɗin da ke da tauri da ciwo, wanda lalle matsala ne. Sai dai a ganina ƙafar da ta yi shekara ashirin tana yawo a lungunan Nima ba ta taɓa kuka ba ta cancanci a gwada abin da take iyawa, ba a tsaya ga surarta kawai ba.

Na huɗu ya shafi ciwon baya. An yi shekaru ana cewa sirrin kare baya shi ne ƙarfafa tsokokin ciki da na gadon baya masu riƙe ƙugu. A Fort Sam Houston da ke Tekzas aka gwada da sojoji 4,325, aka bi su shekara biyu, aka buga a 2011. Waɗanda suka yi sabon atisayen ba su fi masu tsohon ba. Abin da ya ɗan yi tasiri, da ban mamaki, zama ɗaya ne na bayani, inda aka gaya wa sojoji cewa yawancin ciwon baya ba alamar lalacewa ba ne, yana wucewa, kuma motsi ya fi kwanciya. Waɗanda suka ji wannan sun rage zuwa asibiti saboda baya da kashi uku da ɗan wani abu cikin 100. Ba yawa, amma magana ce ta ƙasa da awa guda.

Ba duka aka zubar ba. A Ingila an ba kurata wasu 'yan atisaye na ƙarfafa cinya da ɗuwawu tare da miƙa, ana yi a cikin darasin motsa jiki na yau da kullum. Cikin mutum 1,502, ciwon gaban gwiwa ya ragu da kashi 75 cikin 100 a wajen waɗanda suka yi, kamar yadda aka buga a 2011. A Amurka kuma an ba mata kuratan sojan ruwa 5,201 ko dai sinadarin kalsiyam da bitamin D, ko ƙwayar da ba komai a cikinta. Masu shan na gaskiyar sun sami ragin tsagewar ƙashi da kashi 20.

Maganar mata tana buƙatar a tsaya, tunda 'yan matanmu ma yanzu suna layin shiga. A horon farko na sojan Amurka, abin da aka daɗe ana gani shi ne wajen namiji ɗaya cikin huɗu ke jin rauni, mace kuwa ɗaya cikin biyu. Da sojan Ingila suka haɗa maza da mata a horo iri ɗaya sak a ƙarshen shekarun 1990, matan da ake sallama saboda raunin yawan aiki sun tashi daga kashi 4.6 zuwa 11.1, maza kuwa suna ƙasa da 1.5. Masu cewa aikin ba na mata ba ne sukan tsaya a nan. Amma da aka kwatanta mace da namijin da ke gudu da sauri ɗaya, mafi yawan tazarar sai ta ɓace. Ashe ba jinsi ne kaɗai ke magana ba, matakin ƙarfin da aka shigo da shi ne, da kuma tilasta wa gajere ya buɗa taku daidai da dogo a cikin sahu. Maganin da wannan ke nunawa shi ne a raba kurata rukuni-rukuni gwargwadon gudunsu, maza ko mata, kowa ya hau daga matakalar da yake.

In ka tattara waɗannan, za ka ga abin da ke hannun likitan gashi kaɗan ne. Nisan gudu, nauyin kaya, awannin barci, ranar hutu, wa zai yi gudu da wa, duka a jadawalin horo suke, kuma jadawali na kwamanda ne da samanjansa. Shi ya sa sojan Amurka, a tsarin da suka fitar a 2020, suka fara tura likitocin gashi da masana abinci da masu horar da ƙarfi su zauna a cikin birged, maimakon su jira a asibiti a kawo musu wanda ya riga ya karye.

Idan raunin ya riga ya faru fa? Tun bayan yaƙin Biyetnam, saboda ƙarancin likitocin ƙashi, sojan Amurka suka ba likitocin gashi izinin ganin majinyaci kai tsaye ba sai wani likita ya turo shi ba. Da aka duba ziyara 472,013 a cibiyoyi 25 cikin wata 40, a rahoton 2005, ba a sami wata ɓarna da aka jingina wa wannan tsari ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi ga ƙasa irin tamu da likitan ƙashi ke wuyar gani.

Sai dai a nan akwai darasin yadda ake karanta bincike, kuma ina so masu sana'ar su ma su ji shi. A 2015 aka duba bayanan masu ciwon baya 753,450 a asibitocin soja, aka ga waɗanda suka fara gashi cikin mako biyu sun fi ƙarancin hoto da allura da tiyata da ƙwayoyi masu sa maye, kuɗin jinyarsu ma ya yi ƙasa sosai. Masu gashi suka yi ta murna. Bayan shekara uku sai Rhon da abokansa, su ma likitocin gashi ne, suka yi gwajin ƙuri'a da sojoji 119: rabi gashi nan take, rabi kulawar da aka saba. Bayan shekara guda ba bambanci. Ta yaya dubu ɗari bakwai za su faɗi abu, ɗari da 'yan kai su musa? Saboda a na farko ba wanda ya raba mutanen. Mai yiwuwa wanda ke garzayawa gashi da wuri dama can mutum ne mai kula da kansa, ko likitan da ya tura shi dama ba mai saurin rubuta allura ba ne. Ƙuri'a ce ke kawar da irin wannan. Na biyun kuma ƙarami ne, ƙaramin bambanci na iya ɓuya masa. Abin da na ɗauka shi ne yawancin sabon ciwon baya yana lafawa ko da wa ka fara gani, amfanin fara ganin mai gashi shi ne ƙila ya tsare ka daga hanyar da ke kaiwa ga ƙwaya da wuƙa.

Inda hujjar ta fi tsayuwa da ƙafarta shi ne gwiwa irin ta Baffa. A 2020 mujallar New England Journal of Medicine ta buga gwajin Deyle a kan mutum 156 masu zaizayar gwiwa a asibitocin soja: rabi allurar sitiroyid a cikin gaɓar, rabi gashi da atisaye. Bayan shekara guda masu atisayen sun fi samun sauƙin ciwo da iya motsi. Na gaya wa Baffa wannan wata rana da muke mu biyu. Ya ce, "Ɗana, allura minti biyar ce. Wannan naka kuwa sai na koma kurtu." Bai yi ƙarya ba, kuma dalilin da ya sa allura ke cin kasuwa ke nan.

Duk alƙaluman nan daga Amurka da Ingila da Isra'ila da Ostireliya suka fito, kuma ba a ɗaukar rigar wani a ce dole ta zauna wa kowa. Yaron da ya tashi yana ɗebo ruwa a ka, yana tura baro a Agbogbloshie, yana buga ƙwallo a kan tsakuwa, ba ƙashinsa ɗaya da wanda ya tashi a mota da kujera ba. A Amurka ma an sha ganin baƙaƙen kurata sun fi farare ƙarancin tsagewar ƙashi. Wannan na iya zama rangwame a gare mu. Amma muna da namu nauyin: zafi da gumin Shai Hills ko dajin Achiase inda ake horar da sojojinmu, zazzaɓin cizon sauro da ke kwantar da mutum mako guda ya tashi a ce ya cim ma sahu, da yarinyar da ta shigo da ƙarancin jini. Ga kuma masu ɗauke da rabin ƙwayar sikila, waɗanda suke da yawa a Gana. Binciken 2016 a kan baƙaƙen sojojin Amurka 47,944 ya nuna ba su fi sauran mutuwa ba, amma haɗarin narkewar tsoka saboda wahalar atisaye ya fi na sauran da wajen rabi. Alamarsa fitsari ya koma kalar shayi bayan horo mai tsanani, kuma wannan na asibiti ne a ranar, ba na man zafi ba. Abin da ya kamata mu aro daga waɗancan ƙasashe, a ganina, ba alƙalumansu ba ne, ɗabi'ar ƙirgawa ce: kowane zangon horo a rubuta wa ya ji ciwo, a ina, a mako na nawa, bayan wace tafiya. Littafi da biro sun isa a fara. Masu iya aikin kuma akwai su, tunda Jami'ar Gana ta fara horar da likitocin gashi a Korle Bu tun farkon shekarun 2000, an kuma sa sana'ar ƙarƙashin doka ta 857 a 2013.

Akwai abu biyu na unguwa da ke ɓata lissafin tun kafin a kai ga bariki. Ɗaya maɗori. Ina girmama maɗoran Zango, na ga karayar da suka ɗora ta kama. Amma tsagewar gajiya ba ta da abin da za a ja a daidaita. Murza ta da ɗaure ta da karare ba ya rage mata kwana ɗaya, in kuma a wuyan cinya take, jan na iya ƙarasa ta. Ɗayan kuwa ƙwaya. Yaro ya je kemis ya sayi diklo, wani ma har tiramol, ya kashe ciwon ya koma titi. Jiki magayi ne, ƙwayar kuma bakinsa take toshewa. Wani nazarin sojan Amurka na 2019 ya sami cewa waɗanda aka rubuta wa magungunan kashe kumburi irin su diklo da ibufurofen sun fi sauran samun tsagewar ƙashi kusan ninki uku. Ko maganin ne ke hana ƙashi gyaruwa, ko ɓoye ciwon ne ke sa a ci gaba da gudu, ko dama masu ciwon ne ke karɓar maganin, duk wanda ya zama gaskiya a ciki bai ba mai ƙwauri irin na ɗan yayata izinin haɗiya ya fita ba. Kuma na san abin da ke sa su ɓoyewa. Wanda ya ga dubban da ke cika filin El-Wak ranar tantance masu neman shiga soja saboda guraben da ba su kai yawansu ba, ya san yaro zai gwammace ya karye da a ce ya yi ɗingishi a gaban mai tantancewa.

Mun kai yaron wurin wata likitar gashi. Ta danna inda na danna, ta sa shi tsallen da na sa shi, ta tambaye shi yaushe ya fara gudu da kuma sau nawa a mako, da ya ambaci jakar yashi sai ta ajiye biro ta dube shi. Ta hana shi gudu mako shida. Ta ce ya hau keke, ya riƙa ɗaga dunduniya a bakin matakala, ya yi tsugunne-tashi a hankali, ya ci abinci ya ƙoshi, ya yi barci. In ya yi tafiyar rabin awa ba ciwo, sai ya fara gudun minti ɗaya, tafiya minti huɗu, kwana ɗaya a yi kwana ɗaya a huta. Ya fito ransa a ɓace, yana lissafin yadda abokansa za su bar shi a baya. Cikin ukun nan, ɗaya ya riga ya fara ɗaure gwiwa da ƙyalle.

Yashin jakar, yayata ta juye shi a tukunyar da take shuka na'ana'a. Baffa kuma, wanda har yanzu bai yarda an yi daidai ba, shi ne ke zama a bakin ƙofa da asuba da carbinsa yana ƙirga wa yaron ɗaga dunduniya, in ya yi goma sha biyar ya ce bai ga na ƙarshen ba, a sake.